Gadin gida da dabbobi: Ingila, Sifaniya ko Kanada, wanne zan karɓa?

Maman Yusra: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jamus da takardar izinin zama, ban samu fasfonsu ba tukuna. An yi min tayi uku na tsaron gida kyauta, ba biya, masauki kawai. Ingila mako 3 da kyanwa biyu, kudancin Sifaniya mako 6 da kare ɗaya daga Fabrairu, sai Kanada wata 2 a Janairu da Fabrairu da tsohon kare. Ɗaya kawai zan iya ɗauka. Masu sani ku taimaka.

Baban Khalil: Wa alaikumus salam. Ki yi hattara da Amurka. Jami'an shige da ficensu suna ɗaukar kula da dabba a madadin masauki a matsayin aiki, ko da ba a ba ki ko dala ɗaya ba, kuma bizar ziyara ba ta halatta aiki. An sha mayar da mutane daga filin jirgi a kan haka.

Maman Yusra: Na gode Malam, amma babu Amurka a lissafina.

Anti Bilki: Ƙanwata, fara da takarda. Izinin zamanki na Jamus yana ba ki kwana 90 cikin kowane kwana 180 a sauran ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, don haka mako 6 a Sifaniya ya shiga. Ingila da Kanada ba sa cikin wannan tsari, fasfonki ne zai nuna ko sai kin nemi biza. Amma Fabrairu a kudancin Sifaniya lokacin tsutsotsi masu gashi ne, waɗanda ke sauka daga bishiyoyi suna tafiya jerin gwano. Kare ya lasa, harshensa ya kumbura, wani sashe ma ya ruɓe. In ya faru ki kwarara masa ruwa mai ɗumi a baki, kada ki goga, ki kai shi wurin likitan dabbobi nan take. Ki kuma tambayi mai gidan ko akwai abin wuya na korar ƙananan ƙudajen da ke sa cutar lishmaniya.

Sani Injiniya: Kanada a Janairu ba kare za ki tsare ba, bututun ruwa ne. In na'urar ɗumama gida ta tsaya, ruwa ya daskare, bututu ya fashe cikin bango. Kada zafin gida ya sauka ƙasa da digiri 15, kuma ranar farko a nuna miki inda ake rufe babban famfo. Share ƙanƙarar bakin ƙofa ma naki ne: Toronto awa 12 take bayarwa bayan ta daina zuba, Kalgari awa 24. Gishirin da ake watsawa a hanya yana cin tafin kare, ki riƙa wanke masa bayan kowane fita.

Hajiya Umma: Duk wannan ƙarami ne. Bari ku ji abin da ya sami wata baiwar Allah. Ta sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, saura kwana 5 masu gida suka ce sun fasa tafiya. Ta samu wani gidan a gurguje, ashe karen yana da ciwon ƙoda ba a faɗa mata ba. Dare na huɗu ya kwanta, masu shi suna cikin jirgin ruwa babu waya. Asibitin ya ce sai an ajiye kuɗi, ta biya daga aljihunta. Da suka dawo suka ce ba su ba ta izinin kashe wannan kuɗi ba, suka kuma rubuta mata mummunan sharhi a shafin intanet ɗin da ya haɗa su. Kuskuren ɗaya ne: babu rubutacciyar takarda. Kafin ki hau jirgi a rubuta sunan likitan, a bar kati ko asusu a wurinsa, a faɗi iyakar kuɗin da za ki iya kashewa ba tare da tambaya ba, da lambar wani ɗan uwansu a garin.

Baban Khalil: Allah Ya kyauta. Shi ya sa na fi son a biya mutum. A Ingila mai kwana da dabba yana karɓar wajen fam 30 a dare.

Sani Injiniya: Fam 30 a ina? A Landan ka ninka, har ya wuce in kare ne.

Anti Bilki: Ku duka kun kauce. Ita baƙuwa ce, in ta karɓi ko fam 1 ta karya sharaɗin bizar ziyara.

Ɗan Autan Gida: Ni dai kyanwa biyun nan na zaɓa mata. Barci suke yini guda, ita ma ta huta.

Hajiya Umma: Yaro, ka taɓa riƙe makullin gidan wani? Ka bar waɗanda suka sani su yi magana.

Sani Injiniya: Hajiya, ke ma labarin wata kika kawo. Maganarsa kuma ba banza ba ce, kyanwa ba ta buƙatar mota. A Ingila inshorar mota tana bin sunan direba, sai mai gida ya saka sunanki kafin ki taɓa sitiyari, ga tuƙi ta hagu. Gidan Sifaniyan a ƙauye yake? In haka ne, ba mota ba likita.

Maman Yusra: Ƙauye ne, kilomita 14 zuwa gari. Sun ce za su bar mota, zan tambayi batun inshorar.

Baban Khalil: Abin da ke ci min rai shafukan nan ne masu haɗa masu gida da masu tsaron gida. A wasunsu ka biya sama da dala 100 a shekara, amma in an mayar da kai a kan iyaka, asarar tikiti da tabon fasfo naka ne kai kaɗai.

Hajiya Umma: Ga kuɗin biza da ba ya dawowa in an hana ka. Kuma sharhin ƙarya ɗaya ya isa ya rufe maka ƙofar gida goma. Akwai wanda ya san yadda ake sa su goge irin wannan?