Wane suna za mu raɗa wa Dieffenbachia da Hausa?

1/ Jama'a, a taimaka da suna. Shukar nan mai faffaɗan ganye kore da ɗigo-ɗigon fari a tsakiya, wadda ake ajiyewa cikin tukunya a falo. Wanda ya sayar mini "fulawa" kawai ya ce, kamar yadda yake ce wa duk abin da ke rumfarsa. Makon jiya magenmu ta gatsi ganyenta. Nan take ta hau dalalar da yawu tana karce baki da farce, ta ƙi ko kallon kifi. Na kira likitan dabbobi na rasa me zan ce ta ci.

2/ Asalin shukar daga yankuna masu zafi na nahiyar Amurka ne. Sunan ma na mutum ne: a 1829 masanin tsirrai Schott ya sa mata sunan Joseph Dieffenbach, mai kula da lambun fadar sarki a Biyana, babban birnin Austriya. Wa zai tsaya furta wannan kare na kakarin amai a gabansa?

3/ Turawa na ce mata dumb cane, saboda harshen wanda ya tauna kan kumbura har magana ta gagara. Wani ɗan'uwa ya kawo "raken bebe". Da daɗin faɗi, amma ban yarda ba. A gidan da akwai yara ka kira abu rake? Ai gayyata ce.

4/ Wata baiwar Allah ta ce "kama-baki". Wannan ya fi.

5/ Ni dai "gwazar falo" ta kwanta mini. Danginsu ɗaya da gwaza, kuma abu ɗaya ke ƙaiƙayin: wasu ƙananan allurai na sinadarin kalsiyam okzalet da ke cikin ruwan ganye da kara, suna soke harshe da maƙogwaro idan an tauna. Duk wanda ya taɓa cin gwazar da ba ta dahu ba ya san zancen, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

6/ Ba kasafai shukar take kisa ba. A ɗauraye bakin dabbar da ruwa, a ba ta ɗan madara, kada a tilasta mata amai. In numfashi ya fara sarƙewa, a garzaya wurin likita.

7/ Wani ya ce to kada wasu su ji "gwaza" su jefa a tukunyar girki. Gaskiyarka, malam, wannan bai zo mini ba. Saura biyu ke nan: kama-baki ko gwazar falo. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ko kuna da naku?