Tambaya kan saitin DCCD a Subaru WRX STI

Assalamu alaikum. Masana mota, ku taimaka min. Ina da Subaru WRX STI ƙirar 2011, wadda difarenshal ɗinta na tsakiya (wato DCCD, wanda direba ke iya saitawa) ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi, kashi 41 gaba, 59 baya. A saitin Auto, inda motar ke daidaita shi da kanta, kan kwalta lafiya lau. Amma a hanyar burji bayan ruwan sama, bayanta yakan zame a kwana.

Na koma saitin Manual na kulle difarenshal ɗin tsakiyar baki ɗaya. Zamewar ta ragu, sai dai yanzu gaban ke ƙin bin sitiyari, motar tana neman miƙewa, kuma wajen fakin tayoyi suna gurzar ƙasa. Tayoyin huɗu girmansu ɗaya, iska daidai.

Wane matakin kullewa ya dace da laka? Kuma yawo a kulle kan kwalta yana lalata difarenshal ɗin ne?