Fatar gona ko ta daji: wacce ce ɓarna?

Dillalin fata: Jama'a, ga maganar da nake so a warware. Masu sayen jaka da takalmi sun kafe cewa fatar kada ko mesa da aka kiwata a gona ita ce mai tsabta, ta kamun daji kuwa ɓarna ce. Ni ma can na karkata. Wanda bai shiga daji ba ai bai rage masa komai ba. Wa ke da ja?

Malamar ilimin dabbobi: Ni ce, Alhaji. Kalmar "gona" ta haɗe abu biyu da suka sha bamban. A takardar CITES, yarjejeniyar cinikin namun daji da ta fara aiki a 1975, harafin C na nufin iyayen ma a tsare suke, R na nufin ƙwai ko ƙanana aka ɗebo daga daji aka raina, W kuma kamun daji ne. Dubi Tailan. Gonakinta cike suke da kadan Siyam, amma a kogunan ƙasar da ƙyar ake ganinsa. Gonar da ke ƙyanƙyasar kanta ba ta da buƙatar fadama, ko an cike ta an yi gini, cinikinta na nan.

Sai ka kwatanta da jihar Luwiziyana ta Amurka. An rufe farautar kada a 1962 don ya kusa ƙarewa, aka buɗe kaɗan a 1972, aka fara ɗibar ƙwai a 1986. Yawancin fadamun na masu zaman kansu ne, kuma ana biyan mai fili kuɗin kowane ƙwai. Mai kiwo sai ya mayar da wani kaso na ƙananan cikin fadama bayan sun yi girman da ba kowace dabba ke iya cinye su ba; da farko kashi 17 cikin ɗari ne, daga baya aka rage. Daga ƙasa da dubu ɗari, yau kadan daji a jihar ya haura miliyan biyu. Mai fili da ke samun kuɗi da sheƙar kada ba zai busar da fadamarsa ba.

Dillalin fata: To ɗebe ƙwai ba rage zuriya ba ne, Malama?

Malamar ilimin dabbobi: Mafi yawansu dama ba sa kai labari, ambaliya da masu cin ƙwai ke gamawa da su. Amma aikin na da ƙa'ida. Kafin a ɗaga ƙwai sai an yi masa alama a samansa, don ɗan tayin ya riga ya manne da ɓawo, in aka juya shi ya mutu. Ana ajiye su kan zafin digiri 30 zuwa 33 na kimanin kwana 65, kuma zafin ne ke yanke jinsi: ƙasa-ƙasa mata, wajen 33 yawanci maza.

Jami'in kwastan: Malama ta yi gaskiya kan kada, amma kada a shafa wa mesa wannan man. Fatar kada tana ɗauke da alamar roba mai kulle da ba ta buɗuwa sai an lalata ta, da lambar ƙasa, nau'in dabba, shekara da lambar jeri. Mai bincike zai iya haɗa ta da takarda. Mesa ba ta da irin wannan tsari na bai-ɗaya. Indonesiya da Malesiya na fitar da fatar mesa wajen dubu ɗari uku a shekara daga daji, ana tara su a rumbunan Singafo, tsohuwa da sabuwa su cakuɗe. Nan ne ƙaryar ke shiga. Ƙasa na da adadin kamun daji da ta ƙayyade, in ya cika sai a haura da rarar wata ƙasa, a buga mata C. Wato harafin da Alhaji ya fi yarda da shi shi ne mafakar ɗan fasa-ƙwauri.

Majemi: Yallaɓai, ba kowace C ce ƙarya ba. A Biyetnam ana kiwon mesa da gaske, har a gidaje, ana ciyar da ita ɓera da rarar kaji. Kuma hannu kan gane wani abu: ta daji ba ta rasa tabon cizo ko na kaska. Sai dai da zarar an jeme, an rina, an yanka, shaidar ta tafi. Ko alamar kada ma iyakarta teburin yanka. Fata guda ta zama maɗaurin agogo da yawa, wanne zai ɗauki lambar?

Malamar ilimin dabbobi: Ƙari a kan haka, mesar nan ta samu gonakin kwakwar manja ta baje, don ɓera ya yi yawa, ga saurin girma da yawan ƙwai. Shekaru da dama ana kamunta ba ta ƙare ba. Wannan ba lasisi ba ne. Abin dubawa shi ne tsawon waɗanda ake kawowa mafiɗa: in shekara bayan shekara suna gajarta, ana cin iyaye kafin su hayayyafa.

Likitan dabbobi: Duk kuna ƙirga kawuna, ba wanda ya tambayi yadda dabbar ta mutu. Jikin waɗannan halittu na jure ƙarancin iska, saboda haka sare kai kaɗai ba ya ɗauke hankalinsu nan take. Ƙa'idar da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta amince da ita a 2019 ta tsaya kan a sumar da dabba, a kuma lalata ƙwaƙwalwa. A kada ana amfani da bindigar sumarwa, a yanke laka a bayan ƙeya, a soka ƙarfe cikin ƙwaƙwalwa. Mai gaggawa kan tsallake na ƙarshen, dabba ta daina motsi alhali tana ji. Ɗura wa mesa ruwa don fata ta miƙe kuwa, sai bayan an tabbatar ta mutu.

Majemi: Likita, ga wadda ta fi ɗaure kai. Ana sayen fatar kada da faɗin ciki a santimita, kuma tabo guda a tsakiyar ciki ya isa ya sauke ta daga daraja ta ɗaya. Shi ya sa wasu gonaki ke ware kowane kada a ɗan keji shi kaɗai watannin ƙarshe, don kada su ciji juna. Fatar da ta fi kyau a ido, sau da yawa ita ta fi shan tsarewa.

Likitan dabbobi: Warewar ba laifi ba ce a kanta, manyan kadoji na illata ƙanana. Laifin yana girman kejin. Zai iya juyawa? Zai iya nutsewa gaba ɗaya, ya kuma fito busasshen wuri?

Dillalin fata: Kun rikita min lissafi. Kamfanin Chanel ya daina amfani da irin waɗannan fatu tun 2018, ba shi ke nan a huta ba?

Malamar ilimin dabbobi: Kamfanin ya huta, Alhaji. A arewacin Ostireliya kadan ruwan gishiri ya tashi daga kimanin dubu uku a 1971 zuwa wajen dubu ɗari, kuma kuɗin ƙwai na cikin abin da ke sa masu filaye, har da 'yan asalin ƙasar, haƙuri da dabbar da ke cin shanunsu. In kuɗin ya tsaya, wa zai biya su?

Jami'in kwastan: Wannan amsar kada ce, Malama. Ta mesa har yanzu ba a ba ni ba.