Na maƙale a Town Hall 10, don Allah ku taimaka

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Clash of Clans ɗin nan yana neman hana ni barci. Asali yayana ne ya buɗe wasan a tsohuwar wayarsa, da ya tafi bautar ƙasa ya bar min, wayar ta faɗa ruwa, na sha wahala kafin na dawo da garin da ya gina a wasan a wata wayar. Yanzu ina Town Hall 10 (matakin babban ginin garin ke nan), abokina da muka fara kusan tare yana 13, kullum sai ya min dariya a majalisa. Komai na taɓa sai wasan ya ce kwana kaza. Wai tsawon wane lokaci ake ɗauka kafin a kai sama? Ko in goge kawai?

Sadauki: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi abin da ya fi muhimmanci ba. Magina nawa gare ka?

Ɗan Auta: Uku.

Sadauki: To ga ciwonka nan. Wasan nan tun 2012 Supercell na ƙasar Finland suka fito da shi, kuma a kan jira aka gina shi. Magini na uku gem 500 ne (gem ɗin nan kuɗi ne na cikin wasan), na huɗu 1000, na biyar 2000. Mai magina biyar da mai uku ba za su taɓa tafiya tare ba. Ka daina taɓa gem sai ka cika biyar. Ka riƙa sare itatuwa da ciyayi, akwatin gem ma 25 yake bayarwa. Sannan ka bar ɓata dukiya a katanga, ka haura 11 ka buɗe jarumin nan Grand Warden. Ni na faɗa maka.

Malam Habu: A'a Sadauki, kada ka jefa yaro a rami. Ƙanena, ka kammala komai kafin ka haura. Wanda ya yi gaggawa da jarumai marasa ƙarfi, a yaƙi tauraro ɗaya zai riƙa kawowa.

Baban Ummi: Maganar yaƙi ma ta tuna min. Shugaban ƙungiyarmu ya kore ni don ban kai hari na biyu ba, alhali wuta ce babu, waya ta mutu. Ni da na fi kowa ba da sojoji! Allah ya isa.

Sadauki: Malam Habu, wannan tunanin da ne. Ɗakin bincike da sansanin soja kawai zai fara ɗagawa, ya ƙware a runduna ɗaya. Ya shiga Clan War Leagues, gasar yaƙin ƙungiyoyi, duk wata, lambobin da ake samu suna sayen guduma, ita kuwa nan take take gama gini. In da hali ya sayi Gold Pass, tikitin wata-wata na wasan, yana rage lokacin gini har kashi 20 cikin ɗari.

Ɗan Auta: Yaya, ni fa ba almubazzaranci na yi da gem ba. In gini ya rage awa biyu kuma zan kwanta, ai dole in ƙarasa shi da gem in ɗora wani. Kuma katangar nan ita ke tsare min zinari.

Sadauki: Wannan ƙarasawar ce ta cinye maginanka biyu.

Kwamanda: Ku bar wahalar da shi. Ka nemi mai sayar da gari babba ka huta.

Malam Habu: Kul! Dokar kamfanin ta hana saye da sayar da asusu, suna rufewa. Wani ma bayan ya karɓi kuɗinka sai ya ƙwace abinsa.

Ɗan Auta: Na gode duka. Amma har yanzu ba wanda ya ce min wata nawa. Kuɗin Gold Pass kuwa, data ma da kyar. Ina ganin zan fara gama katangar tukuna.

Baban Ummi: Akwai wanda ƙungiyarsu ke neman mutum? Ina 12.