Muhawara: A Cire Ƙagaggen Rubutu Daga Jarrabawar Turanci?

Malamin Turanci: Assalamu alaikum. Ga ra'ayina, kuma na san ba kowa zai yi na'am da shi ba: a cire ƙagaggen rubutu daga jarrabawar kammala sakandare, a bar fahimtar karatu da taƙaitawa, domin su ne ake iya yi wa maki da adalci. A takarda ta biyu ta WAEC, insha'i shi kaɗai yana ɗauke da maki 50 cikin 100, fahimtar karatu 20, taƙaitawa kuma 30, wato rabin takardar ya rataya ne a kan abin da ya kwanta wa mai dubawa a rai. Tun a 1912 masu bincike Starch da Elliott suka ba malaman Turanci 142 a Amurka rubutun ɗalibi guda, sai makin da suka bayar ya kama daga 50 har zuwa 97 cikin 100. Ina adalci a nan?

Mai duba takardun jarrabawa: Wa alaikumus salam, Malam. Da farko, ba dukkan insha'i ne ƙagaggen labari ba, domin cikin batutuwa biyar da ake bayarwa akan sami wasiƙa da maƙala da jawabi, ɗalibi kuma ɗaya kawai zai zaɓa. Na biyu, ba da ka muke bayar da maki ba. Akwai 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, kuma kafin a damƙa wa kowa takardu sai an yi taron daidaita maki, inda dukkanmu muke duba samfuri iri ɗaya har hannunmu ya zo kusa da juna, sannan shugaban rukuni ya riƙa bin sawun aikinmu. Malaman 1912 ba su bi ta wannan hanyar ba. Ban ce saɓani ya ƙare ba, musamman a maki 20 ɗin nan na sarrafa harshe, amma ya ragu ƙwarai.

Tsohon malamin kwalejin ilimi: Ni inda na fi saɓa wa Malam shi ne ɗaukar da ya yi cewa fahimtar karatu ma'auni ne marar son kai. Sauƙin yin maki daban, ingancin awo daban. A 1988 masu bincike Recht da Leslie sun ba yara wani rubutu game da wasan besbol, sai aka ga masu raunin karatu da suka san wasan sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba fahimtar abin da aka rubuta. Ashe ke nan duk lokacin da muka zaɓi nassi, mun riga mun fifita yaron da ya saba da batun, ko da malamai dubu za su ba amsarsa maki iri ɗaya. Rashin adalcin yana nan, sai dai ya ɓuya a wurin zaɓen nassi, inda ba mai ganinsa.

Mahaifiyar ɗalibi: Gafarta Malam, ni ba malama ba ce, amma na ga abin da ya faru a gidana. Ɗana yakan nemo jimlar da ta yi kama da tambayar a cikin nassin, ya kwafe ta yadda take, kuma a gwajin aji ana ba shi makinsa, alhali in na ce ya faɗa mini da bakinsa abin da ya karanta sai ya yi shiru. Ranar da aka ce ya rubuta labari na kalmomi 450 ne asirinsa ya tonu.

Mai duba takardun jarrabawa: Hajiya, abin da ya fi damuna ma shi ne hadda. Sau da yawa nakan ci karo da labarin da aka haddace tun daga gida, aka yi masa kwaskwarima a jimlar farko da ta ƙarshe don ya dace da tambayar. Wannan kam raunin jarrabawar ne, ba na musu.

Malamin Turanci: To, Malama, kin ƙarfafa hujjata. Idan haka ne, a mayar da ƙagaggen rubutu aikin aji, yaro ya rubuta a natse, ya gyara, ya sake gyarawa, tunda babu marubucin da yake ƙaga labari cikin minti 50 ana tsaye a kansa.

Tsohon malamin kwalejin ilimi: Ingila ta bi wannan hanyar, ta dawo daga rakiyarta. A sabon tsarin GCSE, wato jarrabawar sakandare ta can, da aka fara koyarwa a 2015, aka fara rubutawa a 2017, an daina lissafa aikin aji a makin Turanci, amma ba a jefar da ƙagaggen rubutu ba. A takarda ta farko ta hukumar shirya jarrabawa ta AQA yana da maki 40 cikin 80, 24 na ƙunshiya da tsari, 16 na daidaiton nahawu da ƙa'idojin rubutu. Yanzu kuwa da manhajar kwamfuta take rubuta labari cikin daƙiƙu, wa zai rantse cewa aikin gida na yaron ne? Kuma Malam ya fi ni sanin cewa duk abin da aka cire daga jarrabawa, cikin zango ɗaya zai ɓace daga jadawalin aji.

Malamin Turanci: Wannan ta ƙarshen ta kama ni, ranka ya daɗe, domin ni kaina ba zan ɓata darasi a kan abin da ba zai fito ba. Na janye batun cirewa, amma ina nan a kan cewa maki 50 sun yi yawa. A rage su, sannan duk takardar da ta tsaya a bakin iyakar ci da faɗuwa a ba mutum na biyu ya sake dubawa ba tare da ya ga makin na farko ba.

Mai duba takardun jarrabawa: Duba na biyun na yarda da shi, muddin za a ƙara mana kwanakin aiki. Rage makin ne ban yarda ba, domin insha'i ne kaɗai wurin da nake ganin jimlar da yaro ya gina da kansa tun daga farkonta har aya.