Neman kalma: me za mu kira "depth charge"?

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe za a naɗi shirinmu na rediyo kan jiragen ruwan da ke tashi daga Freetown ta Saliyo zuwa Liverpool a Yaƙin Duniya na Biyu. "Convoy" na ce ayari, ya zauna daram. "Depth charge" ce ta tsaya mini a wuya. Nakiyar ruwa ta yi?

Na Sojan Ruwa: Ba ta yi ba. Nakiyar ruwa dasa ta ake yi, ta zauna jiran jirgi. Wannan kuwa ganga ce ta ƙarfe da ake jefa wa jirgin ƙarƙashin teku, samfurin Ingila mai lamba 7 na ɗauke da abin fashewa wajen kilo 130. A gangaro ta daga bayan jirgi ko a cilla ta gefe, tana nutsewa ruwa na danna kunamarta, ta kai zurfin da aka saita ta tashi. Ba sai ta taɓa jirgin ƙarƙashin teku ba, amma in ta wuce kamar mita 6 daga jikinsa, da wuya ta fasa shi. Ni dai "bam ɗin zurfi".

Malamin Hausa: Bam kuma? Kullum aro! Ga tulu, kowa ya san yadda yake nutsewa. "Tulun wuta" na ce, kuma na daɗe ina faɗa.

Ɗan Maraɗi: Ranka ya daɗe, mai sauraro zai zaci tulun gas ne. Kuma ku lura, mu nan gangar ƙarfe tano muke ce mata, ba duro ba.

Malamin Hausa: Tanon ma ai na Faransa ne. Matsalar ke nan, 'yan jarida sun mayar da kansu hukumar harshe.

'Yar Jarida: Malam, kalmomi nawa kuka ƙirƙira a jami'a da suka fita ƙofar aji? Bam ko jariri ya san shi.

Na Sojan Ruwa: Ku bar wannan, zurfin shi ne maganar. In an saita ta sama-sama alhali jirgin da ya jefa ta na tafiyar hawainiya, bayansa za ta illata. In jirgi ya nutse ba a kulle gangunan ba, suna isa zurfinsu su tashi da matuƙan da ke iyo. Sannan jirgin abokin gaba kan ɓace wa na'urar sauraro daidai lokacin da aka hau kansa, shi ya sa a 1942 aka kawo Hedgehog mai watsa ƙananan bama-bamai 24 ta gaba, waɗanda sai sun taɓa suke fashewa. Kada ka haɗa su suna ɗaya.

Mai Fassara: Na gode. Karon farko zan ce "bam ɗin zurfi, wato gangar nakiya da ke tashi a ƙarƙashin ruwa", daga nan bam ɗin zurfi kawai. Hedgehog fa, bushiya?

Malamin Hausa: Bushiya dai tamu ce. Ɗayan kuwa ku je da shi, amma ban sa hannu ba.