Na gama karatun shari'a, Baba yana jiran in sa baƙar riga

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah waɗanda suka san harkar su ba ni shawara. Na gama lisansi, wato digirin farko, ta shari'a a jami'ar Tawa, na dawo gida Maraɗi. Tun da na dawo Baba ke kirana "lauya" a gaban abokansa na kasuwa, shi a ganinsa ɗinkin baƙar riga kawai ya rage. Inna kuwa ta ce ba da yawunta zan zama alƙali ba, kullum sai ta tuna mini hadisin alƙalai uku, biyu a wuta. Kuɗin zaman Yamai don yin masta kuma babu su yanzu. Ana cikin haka wani Alhaji, aminin Baba, mai shigo da kaya ta Ɗan Isa, ya ce in zo in riƙa duba masa takardu. Tsorona kar in karɓa, shekaru su shuɗe, karatun ya tashi a banza. Ku da kuka riga ni, ina karatun nan ya kai ku?

Amsar wani lauya daga Yamai:

Wa alaikumus salam ƙanena. Fara gaya wa Baba gaskiya cikin ladabi: lisansi ba ta sa mutum ya zama lauya. Dokar da ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen yammacin Afirka masu kashe kuɗin sefa, suka amince da ita a 2014 ta ce sai kana da masta, ka ci jarrabawar shiga aikin lauya da ake kira CAPA, sannan ka yi sitaj, wato koyon aiki, na shekara uku a ofishin wani babban lauya. A shekarun nan uku abin da za ka samu da ƙyar zai biya hayar ɗaki da man babur. Kuma kusan duk ofisoshin a Yamai suke, shi ya sa in mutumin Maraɗi ya shiga babbar shari'a sau da yawa daga nan ake ɗauko masa lauya, ya biya har kuɗin mota da masauki. Ban faɗi haka don in kashe maka gwiwa ba. In rigar kake so a ranka, to masta ba makawa. Amma cikin waɗanda muka zauna aji ɗaya, mu da muka sa rigar ba mu da yawa. Akwai na banki, akwai na duwan, akwai kwamishinan 'yan sanda, akwai mai karantarwa, har da wanda ya koma aikin jarida.

Amsar wani dattijo, tsohon magatakardan kotu:

Ɗana, ka gaida Innarka, ka ce mata na ukun nan da ke aljanna shi ma ɗan wata ne. In duk masu tsoron Allah suka guji kujerar, wa zai hau ta? Alƙalanci ta konkur ake shiga, wato jarrabawar gasar ɗaukar ma'aikata, sai a yi horo a makarantar horar da ma'aikatan shari'a da ke Yamai, daga nan gwamnati ta tura ka inda ta ga dama, ko Bilma ne. A kotu kuma ba alƙali da lauya kaɗai ke cin abinci ba. Ni a girefiye, wato magatakardan kotu, na yi aikina har na yi ritaya, a hannuna ake ajiye kowane kundi, kuma na aurar da 'ya'yana da shi. Akwai wisiye mai kai sammaci da zartar da hukunci, akwai notar mai rubuta cinikin gida da kafa kamfani. Ka riƙa sauraron sanarwar konkur, kar ka raina ko wace ce.

Amsar wata mai aikin shari'a a banki:

Ɗan'uwa, ni aikin Alhajin nan nake so mu tsaya a kai, don na ga kamar kana yi masa kallon abin kunya. Kullum ina ganin manyan 'yan kasuwar garin nan a teburina. Mutum zai ba da kayan miliyoyi bashi, ka tambaye shi takarda, ya ciro wani tsohon littafi daga aljihun babbar riga, an rubuta sunan mai bashin da ajami, gefe guda lambar waya, shi ke nan. Ba sa hannu, ba shaida, ba ranar biya. Muddin Alhaji na raye amana tana riƙe komai. Ranar da ya faɗi, 'ya'yan ɗakuna uku su taru, kowa da nasa lissafin, masu bashi su ce sun biya tun bara. Gidajen kasuwanci nawa suka watse a haka, kai ma ka sani.

To ga abin da ka karanta. Dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya waɗanda ƙasashen Afirka 17 ke aiki da su tun bayan yarjejeniyar 1993, su ne ke tafiyar da rajistar kasuwanci, kafa kamfani, jingina da karɓo bashi a Nijar. Akwai ma gajeriyar hanya da alƙali ke ba da umarnin a biya bashi ba tare da doguwar shari'a ba, amma sai bashin ya tabbata, kuma takarda ce ke tabbatar da shi. Wanda zai zauna da Alhaji ya fahimtar da shi wannan da Hausa, ba da faransancin aji ba, shi ake nema. Sai dai ka sani Nijeriya ba ta cikin OHADA, tsarinta na Ingila ta gada. Yarjejeniya da mutumin Jibiya ko Kano sai an rubuta a ciki dokar wace ƙasa za a bi in an saɓa. In ka ƙware a wannan kaɗai, bankuna da kansu za su neme ka.

Amsar wani matashi:

Hajiya ta faɗi gaskiya, amma a yi hattara. Wani abokina haka aka ce masa "duba takardu", yau shi ke ƙirga buhuna a sito, shi ke kai yara makaranta. Aminin uba ba ya ganin ka a ma'aikaci, ɗa yake ganin ka, ɗa kuwa ba a yanka masa albashi. A faɗi aikin, a faɗi kuɗin tun farko.

Amsar wani ma'aikacin ƙungiya mai zaman kanta:

Kar a manta da karkara. Rigingimun jihar nan da yawa na gona ne da burtali. A ƙarƙashin dokar karkara ta 1993 an kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye har departema, kuma suna buƙatar wanda ya san doka ya kuma iya zama a ƙofar maigari. Tun 2019 da 'yan gudun hijira suka shigo yankin Gidan Runji daga Nijeriya, ƙungiyoyi ke ɗaukar masu lisansi don aikin kare haƙƙi da takardun haihuwa. Aibinsa ɗaya, kwangila ce, in kuɗin aikin ya ƙare kai ma ka ƙare.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Zuciyata ta karkata ga aikin Alhaji, in riƙa tara kuɗin masta ina jiran konkur. Amma yaya zan dubi idon aminin Baba in yi masa maganar albashi?

Dattijo:

Ba kai za ka yi ba, ɗana. Kana da kawu ko baffa da Alhaji ke jin nauyinsa? Shi za ka tura. In sun daidaita, kai kuma ka rubuta abin da aka yanke, ka kai wa Alhaji ya sa hannu, ka ce masa irin takardar da za ka riƙa yi masa da abokan cinikinsa ke nan.